Yadda Ake Gane Irin Giyabos ɗin Hannu a Tsofaffin Golf Kafin a Biya Kuɗi

Duk mai riƙe da Golf 2 ko Golf 3, ta haya ce ko ta gida, ya san ranar da giya za ta fara kuka tana nan tafe. Idan ta zo, sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ce ana neman "giyabos ɗin Golf". Amma babu wani abu guda ɗaya mai wannan suna. Daga 1974 da Volkswagen ya fito da Golf ta farko, zuwa 1997 da ta huɗu ta gaji ta uku, gida uku na giyabos ɗin hannu aka ɗora wa motocin nan, kuma kowane gida da rassansa. Wani ba zai ɗauru a injinka ba ko kusa. Wani zai ɗauru, farantin kuloci ya ƙi shiga. Na ukun ya fi ban haushi: komai ya zauna daram, sai ka hau babban titi ka ji inji yana ihu a giya ta biyar, mai kuma yana zurarewa.

Tambayoyi uku ake amsawa, bi da bi. Wane gida ne? Wane reshe ne a cikin gidan? Abin da ke cikinsa yau shi ne abin da aka rubuta a jikinsa? Yawancin masu saye a ta farko suke tsayawa, alhali ta ukun ce ke cin kuɗi.

Kayan aikin ba su da yawa: buroshin waya, kananzir kaɗan, tsumma, tocila, alli, abin awo mai milimita, da tsohon farantin kulocin motarka idan an riga an sauke shi. Wannan farantin, kar ka bar shi a gareji.

Mataki na farko: fara da motarka, ba da kasuwa ba

Volkswagen yana liƙa wata farar takarda a cikin but, kusa da ramin safayar taya ko a jikin bangon baya, da kwafinta a littafin sabis. Da Jamusanci take, amma layi ɗaya kawai kake nema, mai MOTORKB. da GETR.KB. Haruffan farko na inji ne, na biyu na giyabos ɗin da motar ta fito da shi daga kamfani. Rubuta su ka ajiye.

Sai dai motar da ta shekara talatin tana yawo, ta bi ta Kwatano, ta wuce hannun mutum biyar ko shida, da wuya a ce injinta da giyarta na asali ne. Takardar tana gaya maka yadda aka haife ta ne kawai. Don haka buɗe bonet ka duba injin da ke ciki yanzu.

Nan akwai tarkon da ke kama har bakanikai. Kalmar "1.6" ba ta isa bayani ba. Injin 1.6 na Golf 2 babban bulo ne, dangin 1.8. A Golf 3 kuwa 1.6 iri biyu ne: mai ƙarfin doki 75, wato ABU, AEA ko AEE, ƙaramin bulo ne, ɗan'uwan 1.4 da injin Polo. Mai doki 100, AEK ko AFT, babban bulo ne. Ramukan notin da ke haɗa inji da giya ba ɗaya ba ne a bulo biyun, giyar wannan ba ta hawa wancan. Da ido ma ana rabe su: ka tsaya a gefen mota ka dubi kan injin, ƙaramin bulo ya karkata gaba wajen lagireto, babban bulo ya kwanta baya wajen gilashi.

Mataki na biyu: gane gidan

Gida na farko shi ne 084 da 085, na ƙananan injuna: 1.1 da 1.3 a tsofaffin, 1.4 da ƙaramin 1.6 a Golf 3. 084 giya huɗu ne, 085 biyar. Ba shi da nauyi, kulocinsa irin na kowace mota ne, sandar canja giya kuma guda ɗaya ce da ke shiga ta ƙasa daga baya.

Gida na biyu shi ne 020, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ke bayan 1.5, 1.6 da 1.8 na Golf 1 da 2, da Jetta, Scirocco da tsohuwar Caddy, sannan 1.8, 2.0 mai bawul takwas, da dizal 1.9 wanda ba TDI ba (TDI shi ne dizal mai turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda) a Golf 3. Da yake shi za ka fi cin karo da shi, a kansa za mu fi daɗewa.

Gida na uku, 02A, ya zo a 1988 tare da Passat ta wancan zamani da Corrado. A Golf 3 yana bayan TDI, da 2.0 mai bawul goma sha shida, da VR6 mai silinda shida.

Idan giyabos yana ajiye a ƙasa, leƙa cikin ƙoƙonsa, wato faffaɗan bakin da ke haɗuwa da inji. A 020 ba za ka ga cokalin kuloci ko boris ɗinsa a ciki ba. Sandar tsakiya kawai za ka gani, da rami a cibiyarta, wata siririyar sanda ta leƙo ta ciki. Dalili kuwa, kulocin 020 a juye yake: murfin kuloci ake ɗaurewa a karanshaf, sannan filawil ya rufe shi daga waje. Boris ɗin yana can ɗaya ƙarshen giyabos ɗin, ƙarƙashin wani murfi mai da'ira, kore a mafi yawansu. Idan ka taka kuloci, waya ta ja hannun ƙarfe da ke can ƙarshen, hannun ya tura boris, boris ya tura siririyar sandar ta ratsa giyar gaba ɗaya ta danna kuloci. Da ka ga wannan tsari, babu sauran gardama, 020 ne.

Idan kuwa ka ga boris zaune a kan sandar a cikin ƙoƙo, to ko 084 ko 085 ne, ko kuma 02A, kuma girma kaɗai ya isa ya raba gidajen biyu. 02A ya fi kauri da nauyi, kulocinsa milimita 228 ne, a samansa akwai wata hasumiya da kebul biyu ke kamawa maimakon sanduna, kuma galibi akwai mazaunin ƙaramar silindar man kuloci a kan ƙoƙon. Wanda ke son sa 02A a motar da ta zo da 020 ya sani ba giyabos kaɗai zai saya ba: filawil, kuloci, kik, akwatin sandar giya da kebul ɗinsa, da tsarin feda duk sai an canja. Ko a cikin 02A ɗin ma, ƙoƙon na VR6 daban yake da na masu silinda huɗu.

Lambobin da aka zuba a jikin alminiyon, masu tudu, su ma suna taimakawa. Za ka ga wata doguwa da ta fara da 020 301, ko 085 301, ko 02A 301. Ukun farko sunan gidan ne. Iyakar abin da take faɗa ke nan, ba ta san komai game da haƙoran da ke ciki ba. In ka ga 02K ko 02J, kayan Golf 4 ne.

Huɗu ce ko biyar? A 020 mai biyar akwai wani ƙarin gida na alminiyo da aka ɗaure a ƙarshe da notoci, a nan giya ta biyar take zaune. Mai huɗu ya fi gajarta, ba shi da wannan ƙarin. Wasu tsofaffin kan sandar giya an rubuta E a madadin 5, ko 3+E a masu huɗu. Giyar tsimin mai ce, doguwa, ba wani abu daban ba.

Mataki na uku: karanta lambar da aka buga

A 020 lambar tana ƙasan ƙoƙon, a wani ɗan fili mai santsi dab da inda ya haɗu da inji. Idan giyar tana jikin mota sai ka shiga rami ko ka kwanta. A 02A ta sama ake nema. Wurin kullum a toshe yake da baƙin mai da ƙasa, ka zuba kananzir, ka goge da buroshi a hankali. Kar a sa faifan guranda, don bugun ba shi da zurfi, shafa ɗaya zai tafi da shi. Idan ya dushe, goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai maƙale a cikin ramukan. Haska tocila daga gefe, ba daga sama ba.

Za ka ga haruffa biyu ko uku, sai lambobi biyar. Misali 4T 14 03 6: 4T shi ne reshen, 14 rana, 03 wata, 6 kuma lambar ƙarshe ta shekara. Da yake lamba ɗaya ce, 4 na iya zama 1984 ko 1994. Haruffan ke warware wannan: masu biyu irin FF, FN, 4K, 4T tsofaffi ne, masu uku irin ACD, AUG, CHE sun biyo baya daga tsakiyar shekarun 1980.

Ga wasu rassa na 020 da abin da ke cikinsu. Lambobin rabon juyi ne na kowace giya da na difaranshal, wato haƙoran ƙarshe da ke raba juyi ga tayoyi biyu; ƙaramar lamba ita ce doguwar giya, babba kuma gajeruwa. Giya ta ɗaya 3.45 ce a dukkansu, shi ya sa ban maimaita ta ba:

- FN: ta biyu 1.94, ta uku 1.29, ta huɗu 0.91, ta biyar 0.71, difaranshal 3.89
- 4T: 1.94, 1.29, 0.91, 0.75, difaranshal 3.67
- ACD, na GTI (Golf ta masu son gudu) mai bawul takwas: 2.12, 1.44, 1.13, 0.89, difaranshal 3.67
- 4K: 2.12, 1.44, 1.13, 0.89, difaranshal 3.94
- 2Y, na GTI mai bawul goma sha shida: 2.12, 1.44, 1.13, 0.91, difaranshal 3.67

Dubi ta huɗun FN da ta biyar ɗin 2Y, duk 0.91 ne. Wato inda giyar GTI ta ƙare, ta talakawa tana da sauran mataki guda a gaba.

Ma'anar wannan a kan titi lissafi ne mai sauƙi. Ka ninka lambar giya da ta difaranshal, ka samu yawan juyin da inji zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya. Ta biyar a FN tana ba da 2.76, a ACD 3.27, a 4K 3.51. Taya mai lamba 175/70 R13 tana juyawa kusan sau 920 a minti idan ana gudun kilomita 100 a awa. Saboda haka a wannan gudun injin mai FN yana wajen 2,550, mai ACD ya ɗan haura 3,000, mai 4K ya wuce 3,200. Mota ɗaya, inji ɗaya, amma bambancin juyi kusan 700 a kowane minti tun daga Kano har Kaduna. Aljihun direba ne ke biya.

A ganina, mai jigila a doguwar hanya da 1.8 ya nemi irin 4T ko FN. Gajeruwar giya irin ta GTI tana da daɗi a tashi, kuma tana rage wa inji wahala idan kullum a cikin gari ake ko ana hawan tudu da lodi, amma a miƙaƙƙen titi ɓarnar mai ce kawai. Wuce gona da iri a ɗaya ɓangaren ma ba riba ba ne. Giyar TDI irin ASD ko CTN, mai difaranshal 3.16, an yi ta ne don injin da ƙarfinsa ke ƙasa-ƙasa. Ka ba injin fetur ita, da lodin fasinja da buhuna, zai riƙa nishi a ta biyar har sai ka sauko ta huɗu.

Mataki na huɗu: ƙirga da hannunka

Lambar da aka buga tana kan rabin gida ɗaya ne kawai, wato ƙoƙon. Idan ƙoƙo ya fashe aka ɗauko na wani giyabos aka haɗa, lambar ta biyo sabon ƙoƙon, haƙoran kuwa na tsohon ne. Haka idan giya ta biyar ta ƙone aka sa wadda aka samu. Ba lallai mai sayarwa ya sani ba, shi ma haka ya sauke ta daga kwantena. Zai ce maka, "Maigida, ai ga lamba nan ka gani da idonka." Ka ce masa ka gani, amma a ba ka minti goma.

A ajiye giyabos a kan benci ko tsohuwar taya. Yi alama da alli a sandar tsakiya, ka yi wata a ɗaya daga cikin faifan nan biyu da shaf ke ɗauruwa a kai. Sa yaron shago ya riƙe ɗaya faifan gam, kar ya motsa. Wannan riƙon yana da dalili: idan gefe ɗaya a tsaye yake, difaranshal yana ninka gudun ɗaya gefen, don haka juyi biyu na faifan da ke sake shi ne juyi ɗaya na gaske. Wanda ya manta da wannan zai samu rabin amsa ya yi ta mamaki.

Zura tsohon farantin kulocinka a sandar ya zama marikin juyawa. Shigar da giya ta hanyar murɗa da tura sandar canji da hannu. Ba sai ka san wace giya ka shiga ba. Ka bi su duka kana rubutawa. Wadda faifai ya juya baya ita ce ribas. A cikin sauran, mai juyi mafi yawa ita ce ta ɗaya, mafi ƙaranci ta biyar.

Fara da ta ɗaya, don ita ke tona asirin difaranshal, tunda kusan kowane 020 da 3.45 ya zo. Ƙirga juyin sanda har faifai ya cika zagaye biyu. Idan ka samu 12 da kashi biyu cikin uku, 3.67 ne. Idan wajen 13 da rabi ne, to ko 3.89 ko 3.94, kuma waɗannan biyun sun yi kusa da juna, sai ka ci gaba har zagaye huɗu: 3.89 zai tsaya saura ƙiris ya kai 27, 3.94 zai wuce 27 da kusan kwata.

Sai ta biyar. Nan juyin kaɗan ne, kuskure na saurin shiga, don haka ka kai faifai zagaye ashirin. Wajen 27 da rabi doguwar giya ce, 32 zuwa 33 irin ta ACD, 35 irin ta 4K. Lura cewa FN da 4T kusan amsa ɗaya suke bayarwa a ta biyar, 2.76 da 2.75, ta hanyoyi daban-daban. Gwajin giya ta ɗaya ne ke raba su.

Idan giyar tana jikin mota ma ana yi. Ja burkin hannu, sa duwatsu a tayoyin baya, ɗaga tayar gaba guda ɗaya ka tokare motar da abin da ya fi jak aminci, cire makulli, kwance fulogogi don inji ya yi laushi. Sa giya ta biyar, yi alama a fulin karanshaf da jikin taya, ka juya injin da sifana ta hannun dama kana ƙirgawa har taya ta zagaya sau biyu. A dizal wannan aiki ne mai wuya saboda matsin injin, gara a duba agogon juyi a kan titi idan motar tana da shi.

Tun da hannunka yana kan sandar, ka saurara. Ya kamata ta juya sumul a kowace giya. Gurnani ko tsalle-tsalle alamar boris ne ko haƙori.

Mataki na biyar: ƙananan abubuwan da ke mayar da mutum kasuwa

Haƙoran sandar tsakiya iri biyu ne a 020. Yawanci siririya ce mai haƙora 24. Ta GTI mai bawul goma sha shida a Golf 2, da ta 2.0 a Golf 3, ta fi kauri, haƙora 28. Da ido ba kowa ke ganewa ba, amma farantinka ba ya ƙarya: ko ya zura daidai, ko ya ƙi shiga, ko ya yi lako-lako. Idan bai dace ba, ba a fasa ciniki don wannan kaɗai, faranti ake canjawa, sai dai a tabbata faɗinsa ya yi daidai da filawil, don akwai mai milimita 190, da 200, da 210.

Faifan shaf ma biyu ne, milimita 90 da 100. Auna naka, auna nasa. Ana iya musanya su, amma faifan 100 ba kullum yake samun wuri a tsohon gida ba, wani lokaci yana gogar jiki.

Sauran da sauri: ramukan kafa giya a jikin mota sun bambanta tsakanin Golf 1 da na bayanta, ka jera tsohon da sabon ka gwada. Makunnin fitilar ribas akwai ƙarami mai baki biyu, akwai babba mai baki da yawa. Maleji a Golf 1 da 2 da waya yake aiki, a Golf 3 da na'urar lantarki, kuma ɗan haƙorin robar da ke ƙarshensa yana tafiya ne da difaranshal, in ba su dace ba allura za ta riƙa yi maka ƙarya. Akwai kuma ƙaramin bushin tagulla a cikin ƙoƙo da hancin kik ke shiga. Ba shi da tsada, a canja shi tun giyar tana ƙasa.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi a 020: kewaya ƙasan gidan, wajen difaranshal, ka nemi walda, faci ko gam. Babban haƙorin difaranshal da ribiti aka kama shi, ba da noti ba. Da tsufa da fizgar tashi kan ribitin yakan tsinke, haƙora su ɗauke shi su huda alminiyon daga ciki, mai ya tsiyaye, wani lokaci har ya jiƙa kuloci. Faci a wannan wuri yana nufin abin ya taɓa faruwa. Tambayi ko an maye gurbin ribitin da notoci. In babu amsa mai gamsarwa, nemi wani. Kwance notin zubar da mai kuma ka tara a tafin hannu. Ƙyalƙyalin tagulla kaɗan ba abin tsoro ba ne, zoben sinkuro ne, mai daidaita gudun haƙora wajen shiga giya, ke ci a hankali. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji, wannan kam a bar wa mai shi kayansa.

Bayan an ɗaura

Ranar da ka karanta a jikin lambar tana da sauran amfani. Man giya 75W-90 mai alamar GL-4 ake zubawa, kusan lita biyu a mai giya biyar, lita ɗaya da rabi a mai huɗu, kuma notin zubawar makulli mai kusurwa shida na milimita 17 yake so. A 020 masu biyar da aka ƙera kafin 8 ga Satumba, 1987, ramin zubawar ya ɗan yi ƙasa, mai yana fara dawowa tun bai cika ba. Bakanike ya ga yana zubowa ya ɗaure noti, ya ce an gama, alhali da sauran kusan rabin lita. Giya ta biyar, da ke can ƙarshe a gidanta daban, ita ce ta farko da ke bushewa: ta fara kuka, ta koma fitar da kanta idan an saki totur, daga nan sai ƙonewa. A irin waɗannan, a auna lita biyun a gefe, a zuba abin da ramin ya karɓa, a ɗaure, sannan a zare wayar maleji a ƙarasa sauran ta ramin da ta fito. Wajen zarewa a bi a hankali, kar ɗan haƙorin robar ya suɓuce ya faɗa ciki.